Gayyar da Ba Mu Kira Ba

Akwai wata Asabar da har gobe ba za ta fita daga raina ba, kuma labarinta nake so in ba ku, ku da kuka shigo aikin nan bayanmu. Lokacin ina babbar malamar gona mai kula da manoman cikin gari. Wanda bai san Accra ba zai yi dariya, ya ce ina gona a tsakiyar kwalta. To akwai su. A bakin rafi da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, mutanenmu na unguwannin Nima da Maamobi suna noman latas da kabeji da albasa mai ganye, yawanci a filin da ba nasu ba. Aikina in zagaya su, in duba iri da magani da ruwan da suke ba shuka, in kai wa darakta rahoto.

Cikinsu akwai Baba Yakubu, mutumin wajen Bawku a arewacin Ghana, wanda ya zo Accra yana saurayi ya tsufa da bokitin ban ruwa a hannu. Lambunsa yana bayan unguwar Kanda. Wani dattijo ɗan ƙabilar Ga ne ya ba shi aron filin da baki kawai. Da dattijon ya rasu, 'yarsa Madam Akwele ta dawo daga Turai ta gaji wurin, sai ga wani ɗan kasuwar Abossey Okai yana so ya saya ya gina ɗakin ajiyar kayan mota. Matar ba muguwa ba ce. Ta ce min idan ta ga unguwa na amfana da lambun, yara na zuwa, za ta bar shi. Idan kuwa tsoho ɗaya ne kawai ke ci, za ta sayar. Ta ce za ta zo ta gani da idonta bayan damina ta zauna.

Nan gizo ke saƙar. Rabin Nima na cin latas ɗin Baba a kan waakye, wato shinkafa da wake, amma 'yan sari ke kwashewa da sassafe, ba wanda ya san inda lambun yake.

A wani kwas da aka tura mu na ga yadda manoman wasu ƙasashe ke jawo maƙwabta gona. Ana shuka masara a matse, idan ta kai gwiwa sai a ja igiya a cire wasu layuka, a bar hanyoyi masu karkacewa, wasu su ɓulle wasu su toshe. In ta fi mutum tsawo, sai yara da manya su shiga suna neman mafita. Na kai wa darakta shawarar, ya ce in dai ba motar ofis zan nema ba, Allah ya ba da sa'a. Baba kuwa dariya ya yi har da tari. Shi kamar yawancin tsofaffinmu, "kai" yake ce wa kowa, mace da namiji.

"'Yata, kana so ka ɓatar da yaron Nima cikin masara? Yaron da aka haife shi a lungu?"

Duk da haka ya yarda. Ranar da muka fara cire layukan, sai da ya juya baya, ya ce tun da yake bai taɓa tuge masara mai rai da hannunsa ba. Muka yi ta fama har masarar ta rufe mu, ta yi goyo mai kyau, daidai gashi. Ana cikin haka ƙafarsa ta kumbura, ya koma zuwa masallaci da sanda, kowa yana gani.

Da Madam Akwele ta sa rana, na sanar da makarantun allo da na boko, na kuma roƙi ladanin masallacin su Baba ya yi shela bayan Juma'a. Ladan ba mai son dogon bayani ba ne. Abin da ya faɗa shi ne, Baba Yakubu yana gayyatar jama'a gonarsa gobe, masararsa ta isa.

Ranar Asabar na sauka daga trotro, motar hayarmu, da hantsi, rungume da balan-balan da ƙyallayen da za mu ɗaura a bakin hanyoyi. Na tsaya ina dube-dube, na ɗauka ɓatan kai na yi. Babu masara ko ɗaya a tsaye. An karye goyon an tara shi tsibi-tsibi, an sare karan an ɗaure dami-dami domin masu kiwon raguna. Maza kuwa ga su nan zaune da addunansu, jiƙe da gumi, suna shan koko da ƙosai. Wasu 'yan dako ne, wasu masu gadi da suka taso daga aiki, duk mutanen arewa.

Alhaji Dauda, shugaban masu lodin doya a kasuwar Agbogbloshie, ya taso yana murmushi. Ya ce a garinsu tsoho mai ciwon ƙafa ba ya kiran mutane gona sau biyu. Suna idar da sallar asuba suka yo gayya, kafin Baba ya lallaɓo da sandarsa har sun ci rabi. Har ya yi min tsiya, wai mu 'yan boko mun shuka masara da gurbi ko'ina kamar haƙoran tsohuwa.

Na buɗe baki zan yi magana, sai Baba ya kama gefen mayafina. Yana zaune a kan benci, hawaye na bin gemunsa.

"Kada ka faɗa musu," ya ce a hankali. "Tun da na bar gida ban ga gayya ba. Na ɗauka in na mutu a Accra, ba wanda zai ɗaga min fartanya."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa albarka, suka watse zuwa neman abincinsu. Yaran makaranta suka zo, ba su ga abin shiga ba, malamansu suka juya da su. Madam Akwele ta iso ta tarar da fili fayau, da tsoho ɗaya, da ni riƙe da balan-balan. Ɗan kasuwar yana gefenta, ya raɗa mata cewa tsohon ya yi saurin girbe kayansa ne don ya san tashi zai yi. Na yi mata bayani iya ƙoƙarina. Ta saurare ni, ta ce labarin ya yi daɗi da yawa, amma in gaskiya ne, a kawo mata shugaban masu gayyar ya faɗa da bakinsa, za ta sake tunani.

Na ji sanyi a raina, na ce wa Baba ai abin ya zo da sauƙi. Ya girgiza kai. Ya ce in aka kira Alhaji Dauda, dole a gaya masa dalili, kuma ranar nan mutanen za su san hannunsu ne ya jefa shi cikin wannan hali. Na roƙe shi, na yi fushi, har na ce masa taurin kai zai raba shi da abincinsa. Ya ce fili dama aro ne, amma mutumin da ya kunyata a kan taimako ba zai sake fita gayyar kowa ba. Darakta ya ce tun da mai gona bai yarda ba, ofis ba shi da ta cewa. Na yi kuka a trotro har Maamobi, ban damu da masu kallona ba.

Kafin wata damina an zuba kankare a wurin. Baba ya koma Bawku wajen ɗan ƙanensa, kuma mutanen nan su suka kai masa kaya tasha. Bai daɗe ba aka aiko cewa ya rasu.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ƙasa da iri su ne masu sauƙi. Kafin ka kira jama'a gona, ka san abin da kiran yake nufi a garin da suka baro, domin mutanenmu sun zo birni amma ba su bar al'adar gonar iyayensu a tasha ba. Har yau ina haɗuwa da Alhaji Dauda a kasuwar Nima. Duk gaisuwa sai ya ce min, alhamdulillahi, ko ba komai sun shigar wa tsoho masararsa ta ƙarshe kafin a karɓe filin. Ni kuma sai in ce masa, haka ne Alhaji, Allah ya saka muku da alheri.