Tashar Kawu a Bakin Kasuwa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne shugaban 'yan moto, wato masu haya da babur, a wata tasha da ke bakin babbar kasuwar Garoua. Tasha dai a baki, don ba rumfa ba allo, inuwar darbejiya ce kawai da wani benci mai ƙafa ɗaya a kan dutse. Amma a nan yake cin abincinsa tun ina goye, kuma a nan ake jin maganarsa. Da na zaɓi yin binciken digirina na biyu a kan zirga-zirgar moto a bakin kasuwa, wurinsa na nufa kai tsaye.

Ranar da ya gabatar da ni, 'yan tashar suka yi mini kallon ɗaya saura kwata. Wani dogo mai jar hula ya ce da Fulatanci, wai ai sun san irin wannan, yau tambaya, gobe 'yan meri, wato ma'aikatan magajin gari, su zo da motar kwashe babura. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan mayar masa, Kawu ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Ɗiyata ce. Ku gaya mata komai. In wani abu ya biyo baya, ni za ku kama."

Suka kuwa gaya mini komai. Suka nuna mini inda suke fakewa in rana ta take, da lungun da suke jiran mata masu kifin Binuwai, da inda suke tsayawa ranar Juma'a. Na zana duk wannan a taswira, kuma wallahi ta yi kyau, har malamin da ke duba aikina ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Abin da na gano shi ne ba babura ke toshe hanyar ba. Manyan motocin da ke sauke buhuna da hantsi su ne ke cinye rabin titi, moto kuwa ratsawa yake ya wuce. Haka na rubuta ɓaro-ɓaro.

A Maroua nake karatu, ina zaune a unguwar Dougoï wurin wata gwaggona. Ana gab da ranar sutunans, ranar da ɗalibi ke kare aikinsa a gaban alƙalai, sai malamina ya kira ni ofis. Ya ce an sa wani babban farfesa ya shugabanci alƙalan, mutumin da duk mai rubutu a kan sufurin birane a yankinmu sai ya ambace shi, kuma shi ke ba hukumar birni shawara. Ra'ayinsa sananne ne: a kwashe babura daga bakin kasuwanni a kai su gefe.

Malam ya ce, "Kin san al'adar wurin. Ba a musu da shugaban alƙalai. Duk abin da ya ce, ki ce kin gode, kin karɓa, za ki gyara. Shi ke nan ki fita da makinki."

Na san al'adar mana. Na halarci sutunans ɗin mutane da yawa, na ga an yi wa aikin mutum kaca-kaca yana murmushi yana godiya da Faransanci, "mersi, mersi." In na ce na karɓa, gyaran zai shiga littafin da za a ajiye a laburare, da sunana a kai, yana cewa a tashi tashar Kawu. In na yi musu kuwa, ban san abin da zai faru ba, don ban taɓa ganin wanda ya yi ba. Abinci ya daina shiga. Gwaggo ta dama mini kunu ta tsaya a kaina, ina kurɓa ɗaya in ajiye.

Wani tashin hankalin kuma, Kawu ya aiko cewa zai zo. Haba Kawu! Na roƙe shi a waya ya zauna, na ce hanya ba kyau, na ce zafi. Ya ce ko da rarrafe ne sai ya zo. A kan babur ɗinsa ya taso, ya yi asuba a garin Guider da ke kan hanya, ya iso da farar riga a naɗe cikin leda, ya saka ta a bakin ƙofar zauren. Ya zauna a layin gaba kusa da mahaifiyata. Faransancinsa na titi ne, amma ba abin da ke wuce shi.

Na yi bayanina. Farfesa ya bari kowa ya gama, sannan ya cire tabarau. Mutum ne mai fara'a, ban ga mugunta a fuskarsa ba ko kaɗan. Ya yabi taswirar sosai. Sai ya ce abu ɗaya ya rage: shawarwarin ƙarshe ba su da ƙarfi, in ƙara layi guda da ke cewa a mayar da tashar nesa da ƙofar kasuwa.

Malamina ya dube ni ya gyaɗa kai a hankali. Ban juya na kalli Kawu ba, amma ina jin sa a bayana kamar yadda ake jin murhu.

Na ce, "Farfesa, na gode. Amma ba zan iya rubuta haka ba, don ba shi na gani ba."

Na ci gaba, bakina na gudu ya fi hankalina, na yi maganar manyan motoci da matan kifi da ba za su iya ɗaukar daro su yi doguwar tafiya cikin zafin ranar Garoua ba. Farfesa ya saurara har ƙarshe, ya mayar da tabarau, ya ce ƙuruciya abu ne mai kyau. Aka yi dariya. Na ci, amma da makin da bai kai yadda aka sa rai ba. A waje Malam ya ce mini taurin kai zai wahalar da ni a wannan sana'a. Kawu ya dafa kaina, ya hau babur ya kama hanya tun rana ba ta faɗi ba.

Na koma Garoua ina koyarwa a wata makaranta, hankalina a kwance, ina ganin na fita kunya. Bayan damina sai Malam ya kira ni, murya cike da murna.

"Albishirinki! An ambace ki!"

Rahoton hukumar birni kan sabon tsarin zirga-zirgar kasuwa ne ya fito. Taswirata na ciki, shafi guda sukutum, da sunana a ƙasa da shekara, yadda ƙa'idar ilimi ta tanada. Ba su saci komai ba, ba su canza ko ɗigo ba. Sun dai rubuta a samanta cewa ga wuraren da za a hana tsayuwar babura. Maganar manyan motoci ba ta shiga ba. Malam yana ta cewa ba kowane ɗalibi ake ambata tun daga aikinsa na farko ba, ni kuwa na zauna a dakalin makaranta.

Ban iya zuwa wurin Kawu ba sai da aka tashe su. Na je bakin kasuwa na tarar an dasa ƙarafa a gindin darbejiyar, benci babu. Wata mai kifi ta nuna mini inda aka mayar da su, can bayan wani gidan mai, fili fetal ba inuwa. Na taka a ƙafa.

Suna nan jere a rana. Na yi sallama, aka amsa can ƙasa-ƙasa. Mai jar hula ne zaune a kan sabon benci yana kiran layi, yana cewa wane ya ɗauka, wane ya jira. Aikin Kawu ke nan. Kawu kuwa yana can ƙarshen layi a kan babur ɗinsa, yana jiran a kira shi kamar kowa. Na ƙarasa wurinsa, na durƙusa na gaishe shi, hawaye suka ƙwace mini.

Na ce, "Kawu, wallahi ban rubuta a tashe ku ba. Kana wurin. Ka ji abin da na faɗa."

Ya ce, "Na ji, ɗiyata. Na kuma gaya musu."

"Me suka ce?"

Ya goge zufa da gefen rawaninsa, ya dubi layin da ke gabansa.

"Sun ce su ba su je Maroua ba. Abin da suka gani, 'yan meri sun zo da takarda a hannu, har lungun matan kifi sun sani." Ya tayar da babur. "Hau in kai ki gida. Kada ki tsaya a nan, ba wanda zai ɗauke ki."