Ranar da Eufemiya ta shiga kwalekwale

A Playa Sola kowa ya san Eufemiya Moskera ba ta taka ruwan teku. Gidanta na katako yana bakin yashi, amma tun ranar da teku ta haɗiye mijinta da kwalekwalensa, ko kifi za ta saya sai ta tsaya can nesa ta ƙwala wa masunta kira. Garin kuwa ba shi da hanyar mota, daji ne a baya, ruwa a gaba. Haka ta tsufa ba ta je ko'ina ba. Ɗakuna biyu ta gyara tana sauke matafiya masu jakar goyo, tana dafa musu shinkafa da madarar kwakwa da soyayyar ayaba.

Cikin damina wata budurwa ta sauka wurinta, Jagoda, 'yar ƙasar Folan da ke Turai, doguwa siririya, jakarta ta kusa rinjayarta. Yaren garin kaɗan take ji, amma ta iya cewa "Mama", ta kuma iya neman ƙari in abinci ya yi daɗi. Sauro ya yi mata kaca-kaca da ƙafafu, ita ko a jikinta.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Eufemiya ta dafa ganye, ta yi ta goga mata jiƙaƙƙen tsumma. Wata safiya ta kai mata ruwan kwakwa, ta tarar da jini a matashin kai. Ta buɗe bakin yarinyar, dasashinta ne ke zubarwa. Ta taɓa ganin irin wannan a jikin ɗan wata maƙwabciyarta, kuma bai tashi ba. Ma'aikaciyar jinyar garin ta yi tafiya tun makon jiya.

Ta ruga gidan ƙanen mijinta, Aristides, wanda ke da kwalekwale mai inji.

"Matar yaya, yau kuma ke ce da gudu? Wa ya biyo ki?"

"Bar wasa. Baƙuwata za ta mutu a ɗakina. Ka kai ta asibiti."

Ya dubi teku, ta yi baƙi tana tafasa. Murmushinsa ya ɗauke. "Zan gwada. Amma hannuna na kan inji, sai an sami mai riƙe ta, in ba haka ba igiyar ruwa ɗaya za ta jefar da ita. Maza duk sun shiga daji sarar katako."

"Kira matarka."

"Da cikin wata tara?"

Suka ɗauko yarinyar a bargo. Eufemiya ta yi niyyar tsayawa inda ta saba tsayawa, amma Jagoda ta damƙe bakin siket ɗinta ta ƙi saki. "Mama," kawai take cewa, idanunta a rufe. Ruwa ya taɓa ƙafar Eufemiya, ta ji sanyinsa har cikin haƙora. Ba ta san yadda ta haye ba.

Ta zauna a ƙasan kwalekwalen, ta rungume kan yarinyar a cinyarta. Igiyar farko ta ɗaga su sama ta sake su, katako ya yi ƙara kamar zai tsage. Ta fasa ihu. Ta biyu ta zubo musu a ka.

"Kwarfe ruwan, matar yaya! Ga yankakkiyar jarka nan!"

"Da wane hannun, ɗan banza?"

"Da wanda kike addu'a da shi!"

Ta riƙa kwarfa da hannu ɗaya, tana kiran Maryamu uwar Yesu, tana amai. Gaɓa ta ɓace cikin ruwan sama. Da suka zo daidai duwatsun nan inda aka tsinci hular mijinta, injin ya yi tari ya mutu. Kwalekwalen ya juya gefe, igiya na tura shi wajen duwatsun. Aristides ya ja igiyar inji, shiru. Ya sake ja. Ba ya zolaya yanzu. Eufemiya ta runtse ido ta kifa fuskarta a gashin yarinyar, tana jiran sanyin ya rufe su. Sai ta ji injin ya kama.

Da suka isa babban gari, ƙartai biyu ne suka ɓamɓare hannunta daga jikin Jagoda. Ita ma sai a bargon aka fito da ita.

An ƙara wa yarinyar jini, ta rayu. Mahaifinta ya zo ya tafi da ita, ya sumbaci hannun Eufemiya yana kuka, ba mai jin yaren wani a cikinsu.

Eufemiya kuwa ta ƙi komawa. Ta zauna wurin 'yar ƙanwarta har damina ta ɗauke, kajinta a hannun maƙwabta. Sai da Aristides ya aiko mata cewa matarsa ta haifi mace, an sa mata Eufemiya, kuma ba za a kai jaririyar coci ba sai ta zo. Ta dawo a kwance a ƙasan kwalekwale, ta lulluɓe kai da tawul, tana zagin Aristides tun daga tashi har sauka.