Hutun Kwana Ɗaya na Ɗan Malam Garzali

Duk Bahaushen da ke garin Greensboro, can ƙasar Turawa, ya san Malam Garzali da abu biyu: motar ɗaukar 'yan makaranta da ya shekara sha tara yana tuƙawa, da kuma rigimar ganin wata. Masallatai biyu mutanenmu ke zuwa a garin. Ɗaya na buga kalanda tun farkon shekara, da ranar Sallah a rubuce ƙuru-ƙuru, ɗayan kuwa sai an ga jinjirin wata da ido. Malam Garzali na ɓangare na biyu. "'Yan kalanda" yake kiran waɗancan, yana faɗa yana taɓe baki. Duk shekara mai shagon naman halal sai ya miƙa masa kalandar, shi kuma ya janye hannu kamar an miƙo masa garwashi.

Bara abu na uku ya ƙaru. Ɗansa tilo, Abdulmuhaimin, ya shiga sojan sama, aka tura shi wani sansani a Texas koyon tuƙin jirgin da ke jefa bama-bamai. Kai, kunnuwa sun sha labari! A gidan suna, a wurin ta'aziyya, har a wurin wankin mota, sai ka ji, "Yaron nan namu ai yana can sama." In wani mai tsokana ya ce, "Malam, su wa zai jefa wa bom ɗin?" nan take zai tuna ya bar mota a buɗe.

Gaskiyar magana, yaron bai cika zuwa saman ba. Ƙarfe huɗu na asuba ake tashinsu gudu. A dawo a ninke safa, wani ƙato ya zo ya duba, ya watsar, ya ce a sake. Sai aji na awa shida. Daga nan a rufe shi cikin wani akwati mai maɓallai da ke girgiza kamar jirgi, inda ya faɗo ƙasa sau goma sha ɗaya bai ko bar ɗakin ba. Ranar da ya fara hawa ƙaramin jirgin koyo, duk abin da ya karya da shi ya dawo cikin jakar takarda. Uwarsa, Hajiya Suwaiba, ita kaɗai ta san wannan. Ita ce kuma ta san burinsa bai wuce tuwon shinkafa da miyar taushe ba, da tsayuwa kusa da babansa a sahun Idi, domin ana ta raɗe-raɗin da sun gama za a tura su ƙetare, inda ake yaƙi.

Ana saura wata guda Ƙaramar Sallah ya kira. An ba shi hutu, amma in aka cire zuwa da komowa, yini ɗaya rak zai yi a gida. Kuma takardar neman hutun tana son a rubuta rana.

"Baba, Juma'a ko Asabar?"

"Sai an ga wata."

"Baba, fom ne. Babu wurin rubuta sai an ga wata."

"To su ƙara wurin mana! Kai da kake sama da gajimare ma, in lokaci ya yi ka leƙa ka gano mana shi."

Yaron ya ce wani abu da Turanci wanda babansa ya yi kamar bai ji ba. Sau uku suna wannan wayar. A ta huɗu Hajiya Suwaiba ta shige kicin, ta rufe ƙofa, ta duba ranar 'yan kalanda a wayarta, ta ce wa ɗanta, "Rubuta Juma'a, Allah Ya sa mu dace."

Ranar Alhamis da magariba, Malam Garzali da abokansa suka jera a wata gona a McLeansville, can bayan gari, kowa ya ɗaga kai. Ya goge tabarau ya fi sau goma. Wallahi bai taɓa son ganin wata irin na ranar ba, har wuyansa ya ƙage. Babu komai sai wani jirgi da ya gifta yana ƙyafta fitila. Liman ya sanar a cika azumi talatin, Sallah sai Asabar.

Da ya koma gida ya tarar da Abdulmuhaimin a falo, ya rame, an aske masa kai ƙwal. Ya rungume shi har yaron ya ce, "Baba, numfashi."

Da safe Hajiya ta tare shi. "Malam, malamai da yawa sun ce babu laifi a bi waɗancan. Yau ɗaya dai, don yaron nan."

"Shekara ashirin ina zaginsu, yau in je in shimfiɗa dadduma a bayansu? Da wane ido?"

Amma shi ya kai yaron Idin 'yan kalanda. "Ni direba ne kawai," in ji shi. Ya ajiye mota can nesa, ya sauke hula har gira don kada a gane shi, alhali kowa ya san motar. Ta gilashi ya hango ɗansa cikin tsohon kaftani da ya ɗage masa, ya tsaya tsakanin baƙi biyu yana kabbara. Har ya kama marfin mota zai buɗe, sai ga wani ɗan kalanda ya ɗago masa hannu yana murmushi. Ya saki marfin.

Da rana yaron ya ci tuwonsa shi kaɗai a kicin, don kada ya ci a gaban mai azumi. Asubar Asabar Malam Garzali ya sauke shi a filin jirgi, daga nan ya zarce Idinsu. Da ya buɗe bayan mota, dadduma biyu ya gani, waɗanda ya saka tun makon jiya. Ya shimfiɗa duka biyun. Mutane suna ta tambaya, "Malam, ina sojan namu?" yana cewa aiki ne ya kira shi. Da aka tada sallah, wani da bai sani ba ya zo ya taka ta biyun.

Ranar Litinin ya tsaya a shagon nama, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi hanta, ya tambayi ƙoda, sannan ya yi ƙasa da murya. "Takardar nan taku, akwai saura?"

Mai shago ya naɗe kalandar ya ba shi. A cikin mota ya buɗe, ya nemo ranar Babbar Sallah, ya zagaye ta da biro, ya kira Texas.

"Abdulmuhaimin, ɗauko fom ɗin nan. Laraba ce. Rubuta Laraba."

"Baba," in ji yaron, "an dakatar da hutu. Ƙarshen wata za mu tafi."

Malam Garzali ya sake duban ranar da ya zagaye. Sannan ya ce, "To, ka dai rubuta. Ka ajiye a aljihu."