Uwaisu Gariba, Injiniyan Hasken Leza

An haifi Uwaisu Gariba a shekarar 1952 a Gusau, mahaifinsa Malam Gariba maɗinki ne, mahaifiyarsa kuwa Hajiya Rabi.

Karatu

Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kuma kammala sakandare, ya karanci kimiyyar fiziks a Zariya, inda a 1974 ya fara ganin leza, wato haske mai tafiya a siririn layi ɗaya da ƙarfin da zai iya yanka ƙarfe, wanda aka ƙirƙiro a 1960. Daga ranar bai sake sha'awar wani fanni ba. A 1979 ya samu gurbin ƙaro ilimi a New York.

Aiki da Iyali

Ya auri Fatsuma Ado a 1983, suka zauna a unguwar Parkchester da ke yankin Bronx na birnin New York. A 1988, yana gwaji a wani ɗakin bincike, hasken leza ya kauce ya hallaka idonsa na hagu. Bai bar fannin ba. Ya koma wani asibitin ido yana kula da na'urorin leza da likitoci ke amfani da su wajen ƙone jijiyoyin da ciwon suga ya lalata.

Shekarun Ƙarshe

Da ya yi ritaya a 2012, ya lura cewa 'yan'uwa direbobi da masu shaguna, 'yan Ghana da Nijar da Najeriya, suna makancewa saboda tsoron aikin leza, wanda suke kira wuta a ido. Ya riƙa bin masallatai daga Bronx har unguwar Park Hill yana bayani, yana raka masu fargaba asibiti da kansa.

A 2016 ciwon suga ya kama idonsa na dama. Mutumin da ya lallashi jama'a sai ga shi yana ɗage ranar da za a yi masa aikin, har wani direba, Alhaji Muniru, wanda shi ya taɓa rakawa, ya tsaya da tasi a ƙofarsa ya ce, "Malam, ka kai ni ina kuka. Yau ni zan kai ka, ko ka yi kuka ko kada ka yi." Aka yi aikin, ganinsa ya tsira.

Rasuwa

Ya rasu a watan Maris na 2019 sakamakon ciwon zuciya, aka yi masa sallah a Bronx, aka binne shi a New Jersey. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Faruƙ, Hakeem da Aishatu Humaira, wadda ya ga fuskar jaririyarta mako guda kafin cikawarsa. Allah Ya haskaka kabarinsa.