Na'urar da Ba Ta Yi Golmo Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da na amince a kori Bitrus ba. Talata ce, farkon damina, shekara ta biyu da kawo mana sabuwar manhaja a ofishinmu na Zuru.

Aikinmu raba wa manoma iri da taki. Ma'aikacin fili, irin su Bitrus, shi ke shiga ƙauye ya yi wa manomi rajista, ya ɗauki hotonsa tsaye a gonarsa. Ni kuwa jami'in tantancewa ne, mataki na takwas. A da, idan ban gamsu da takarda ba, babur nake hawa in je Dabai ko Dirin Daji in gane wa idona. Da aka kawo manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira, sai aka karɓe babur. Ita ke duba hotuna ta yanke hukunci, nawa kawai in danna "na amince", kuma kullum akwai adadin da ake so in danna kafin a tashi. Muka laƙaba mata suna Hajiya Ta-sani. Aiki ya yi sauƙi, ba rana ba taɓo, sai dai na daina sanin sunan ko manomi ɗaya.

Ran nan sai ta ja wa Bitrus jan layi. Wai fuskoki shida suna ta maimaituwa a gonaki daban-daban da ya yi wa rajista a yankin Dabai, wato yana yawo da 'yan haya yana ƙirƙirar gonakin bogi. Ƙa'ida ta ce in buɗe hotunan kafin in amince. Ban buɗe ba, don ina baya a adadina. Takarda ta haura wurin manaja, aka dakatar da shi, aka sa Juma'a kwamiti ya zauna a sallame shi.

Ran Alhamis ya shigo ofishina, hula a hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Oga, ka dai ga hotunan nan?"

Na ce, "Na'ura ta gani."

"Kai nake tambaya, Oga."

Na buɗe. Hoto na farko, tsoho mai gona a gaba, bayansa samari shida suna huɗa da garma. Na biyu, wani tsohon, wata gonar, samarin nan dai. Ban kai na uku ba na gane 'yan golmo ne. Ga waɗanda ba 'yan ƙasarmu ba, a al'adarmu ta Lelna, mutanen ƙasar Zuru, saurayi kan yi shekaru yana yi wa iyayen yarinyar da zai aura noma, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Abokansa ke taya shi, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. Dole fuskoki su maimaitu.

Kunya ta rufe ni. Ni ɗin nan sai da na yi golmo kafin a ba ni matata Saratu, har yau akwai kantar garma a tafin hannuna.

Na haura wurin manaja, wani Alhaji mutumin Argungu, na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, Malam Danjuma, mi ya sa ka amince?"

Na ce, "Yallaɓai, ban duba ba."

Ya soke zaman kwamiti, ya mayar da Bitrus bakin aiki, ni kuma ya ba ni takardar tuhuma. Ban yi ƙorafi ba, abin da na shuka na girba. Daga ranar na koma buɗe kowane hoto. Ƙarshen wata adadina ya faɗi ƙasa warwas, aka sake ba ni wata takardar. Suna nan biyu a fayil ɗina, ɗaya ta rashin dubawa, ɗaya ta ɓata lokaci wajen dubawa.

Ku sababbin shiga aikin nan, ba na ce muku na'urar maƙaryaciya ce ba. Abin da ta gani ta faɗa, ita ba ta taɓa riƙe garma a gonar suruki ba. Ni da na riƙe aka ajiye a kujerar nan don in gaya mata, na kuwa yi shiru.

Bitrus yana gaishe ni kamar da. Amma duk ranar da ya kawo rajista, ba ya barin bakin teburina sai ya ga na buɗe hoto.