Gwaji na ukun da Yaya Hamisu ya ƙi ɓoyewa

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Dakta Hamisu, masanin harhaɗa magunguna da ya zauna a garin Lanham na Amurka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makon ƙarshe na wa'adin da ofishin rajistar ƙirƙira ya ɗibar masa.

Ya tace wani sinadari daga saiwar da tsohuwarmu kan jiƙa wa masu sikila, ya nemi a yi masa rajistar mallaka. Aka dawo masa da takardun. Dokar Amurka tana so a nuna takamaiman amfanin magani, da hujjar da masana za su gamsu da ita. Gwaji a kan ɓeraye ma kan wadatar. Idan wa'adi ya cika ba amsa, aikin shekaru ya tashi a banza.

Mu 'yan'uwa muka yi abin da muka sani. Muka aika gida aka tattaro shaidun cewa saiwar tana magani: liman, mai unguwa, iyaye mata, wani da sa hannu, wani da dangwale. Lauyansa ya duba, ya ce a nan ba a karɓar irin wannan shaida.

Saura gwajin ɓeraye, wanda Yaya ya yi sau uku. Biyu sun yi kyau, na ukun bai nuna komai ba. Ga takardar rantsuwa kan sakamakon gwajin tana jiran sa hannunsa.

Na ce, "Yaya, miƙa biyun kawai. Wa ya gani?"

Ya ce, "To, ɗan jarida, haka kuke datse labari a rediyonku? Wata uwa za ta ji an yi rajista, ta daina kai ɗanta asibiti."

Ya miƙa duka ukun. Aka ƙi amincewa. Na yi wata guda ban taka gidansa ba.

Yanzu wayoyinmu cike suke da masu tallar kwalba ɗaya mai warkar da cuta goma. Da yana raye, ba na jin zai yi faɗa. Zai dai nemi ganin gwajin da ya faɗi.

Allah ya jiƙansa. Bai bar rajista ba, kuma har yau ba wanda ya san ko saiwar tana aiki. Littattafan gwajinsa suna hannun 'yarsa Nafisa, likita a garin Largo, kusa da Lanham. Iyaye Hausawa kan tambaye ta maganin babanta. Takan ce, "Baba ya gwada, bai tabbata ba. Ku kawo yaron asibiti ranar Talata."