Tiren Mama a Garejin Baba

Abin da na fara gani da na shiga garejin Baba a Bulabulin shi ne tiren Mama, jingine da tayar wata jar mota. An zana masa layi da alli.

Ina aji biyu na sakandare a lokacin. Kullum in na taso daga makaranta ni nake kai wa Baba abinci, saboda tun rasuwar Mama ba ya dawowa gida da rana. Ruwan da ya ci unguwarmu ya tafi da kayan ɗakinta duka. Tiren nan ne kaɗai muka tono daga cikin laka. A bayansa akwai ɗigo uku na jan farce, alamar da take yi wa kwanukanta don kada su ɓace a gidan biki.

Motar gajeriya ce, ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Da safe lafiya lau take tafiya, amma rana na take tsakiya sai ta fara shaƙewa, ta mutu a kan titi. Baba ya ce laifin wata 'yar na'ura ce da suke kira sensa, wadda take auna iskar da injin yake shaƙa. An cire akwatin robar da ke kare ta, aka bar ta tsirara kusa da bututun hayaƙi. In ta yi zafi sai ta yi wa injin ƙarya.

Kwana biyu kafin nan Baba ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, yadda muke naɗe jarkar ruwan sha, yadda kuma ya saba yi wa tsofaffin motoci. Ruwa ya ɗiga cikin soket, motar ta ƙi tashi gaba ɗaya sai da ya wuni yana busar da ita.

Mai motar, wani saurayi ɗan 'yan kasuwa, yana zaune a kan benci yana kaɗa makulli.

"Baba, jiya ka yi mata wanka, yau kuma abinci za ka zuba mata a tire?" in ji shi.

"Katanga zan yi mata," Baba ya ce. "Ƙarfen nan yana da kauri, yana da ƙyalli. Zai mayar da zafin baya."

"In ta sake mutuwa, Kano zan aika da ita. Can akwai masu kwamfuta."

Na lura wuyan rigar Baba ya jiƙe, kuma bai dubi inda nake ba, shi da kullum yake tambayata me aka koya mana. Motar nan ce kaɗai a garejin. Sauran wurin tabon baƙin mai ne a ƙasa.

Na ajiye kwanon abincin, na tsuguna kamar ina gyara takalmi, na leƙa bayan tiren. Na auna da ido. Ɗigon nan uku suna cikin layin, a gefen da zai shiga motar.

Ni ba mai magana ba ce a gaban baƙi. Ko a aji, in na san amsa sai in sunkuyar da kai. Na tsaya ina kallon Baba ya ɗauko almakashin ƙarfe, ya goge shi a wandonsa, ya ɗora tiren a cinyarsa. Ya shafa bakinsa da babban yatsa, daidai inda ya lotse ranar da ya faɗi daga hannuna Mama ta yi mini faɗa. Ban sani ba ko ya tuna.

Da ya buɗe bakin almakashin, na matsa kusa da shi har mayafina ya taɓa maiƙon da ke hannunsa. Muryata da ƙyar ta fita.

"Baba, don Allah ka matsar da layin kaɗan. Ka bar mini gefen da Mama ta sa alama."